Kasonmu a Gangaren Kadarko

A nan Dubai ban taɓa ganin hanya ta tsufa ba. Daga tagar ɗakina a Abu Hail, hawa na huɗu, nakan ga an jera jajayen robobi an kewaye wani wuri a titi, bayan kwana biyu a kwashe, sai ka ga kwalta baƙa wuluk kamar ba a taɓa taka ta ba. Masu aikin fuskarsu a rufe take saboda rana. Farkon zuwana na tambayi ɗana ko 'yan unguwa ne. Ya yi dariya ya ce, "Inna, baladiya ce." Wato hukumar gari. Na ce to.

Ni da girmana na koyi rubutu, a ajin yaƙi da jahilci, bayan na yaye auta. A hankali nake yi, in hannu ya gaji in ajiye. Amma ina so in rubuta yadda hanyar garinmu take, don jikokina a nan aka haife su, suna tsammanin hanya haka take fitowa da kanta.

Garinmu yana bayan rafi. Daga bakin kwalta zuwa ƙofar gari tafiyar awa guda ce a ƙasa, kuma hanyar tamu ce, mu ke riƙe da ita. Tun kakanni aka raba ta gida-gida. Akwai dattijon da ake kira sarkin hanya, shi ke ajiye igiyar awo. Kowane gida da kasonsa, an kafa turke a farkonsa da ƙarshensa. In bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa, sai a yi shela bayan sallar Juma'a, a sa ranar gayya.

Kason gidan mijina shi ne gangaren kadarko, gaba goma sha biyu daga gindin tsamiya zuwa bakin rafi, haɗe da azara biyu na farkon kadarkon. Ba wanda ya taɓa yi mana ƙyashinsa. Nan ruwan tudu yake haɗuwa ya gangaro da ƙarfinsa, kowace damina sai ya ci wani abu. Ranar da aka kawo ni ina amarya, a kan gangaren nan jakin da ke ɗauke da kayana ya zame, tasoshina suka yi ta mirginawa har cikin rafi. Da labari ya kai wa uwar mijina, sai ta ce, "To, ta gaisa da kasonta."

Garin manoma ne, ba a cika kulle ba, ranar gayya kuwa kowa fita yake. Maza su sari marmara a tudu da diga, su cire azarar da gara ta ci su sa sabuwa. Mu mata mu ɗebo a daro, mu zuba, mu yayyafa ruwan makuba, sannan mu durƙusa a jere da madaɓi mu yi ta bugu kamar daɓen ɗaki. In ka tsaya a kan tudu za ka ji bugun yana tafiya tun daga bakin kwalta har gari, gida yana amsa wa gida. Da rana a kawo fura a manyan ƙorai, a zauna a inuwa, a yi ta tsiya wa gidan da aikinsu ya karkace.

Wannan na shekara-shekara ke nan. Akwai kuma na kullum, wanda ba a yi masa shela. Duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, da an idar da sallar asuba kowane gida zai fita kasonsa kafin a karya. A kwashe yashin da ruwa ya tara, a buɗe bakin magudana, a cike inda ya zaizaye tun yana ƙarami. Malam, wato maigidana, yana gaba da galma, ni ina baya da daro. Ba ma magana sosai. Shi ya nuna mini cewa akwai idon ruwa a ƙarƙashin gefen hagu, in aka toshe shi da yumɓu sai ya fashe ta tsakiyar hanya. Manyan duwatsu ake fara jerawa, a bi da tsakuwa, a bar masa 'yar kafa ya riƙa tsiyaya. Shekara talatin da wani abu muna haka.

Doka ɗaya ce a kan hanyar, kowa ya san ta. Kaso ba ya karɓar ɗan ƙodago, sai hannun ɗan gida. In damina biyu ta wuce hannun gida bai taɓa shi ba, a ta uku sarkin hanya zai cire turken ya ba wani gida. Gidan da aka cire wa turke kuwa, a bakin mutane sun tashi ke nan, ko ginin yana nan, ko gonar tana nan.

Da Malam ya rasu, na gama takaba, sai ɗana ya ɗauko ni. Shi kaɗai ne namiji. 'Yan'uwansa mata uku duk suna gidajen mazansu, hannun mace kuwa na kason gidan mijinta ne. Na zo da niyyar wata uku, in ga likitan gwiwa in koma. Wata uku ya zama shekara, shekara ta zama biyu. Daminar farko gari ya yi mana aikin saboda rashin da aka yi. Ta biyu ƙanin mijina ya ɗan lallaɓa wurin, amma shi ya daɗe da ware gidansa, yana da nasa kason, don haka ba a lissafa mana ba.

Shi ya kira ni a waya farkon bazarar ta uku. Tun ina amarya muke wasa da shi, tsufa bai hana ba.

Ya ce, "Amaryar Dubai, an ce yanzu da cokali kike cin tuwo."

Na ce, "Kai kuma na ji har yanzu da baki kake noma."

"Ai bakin ne ya rage, bayan ya tafi." Ya yi tari. "Matar Yaya, sarkin hanya ne ya aiko ni. Bana ce ta uku."

Na ce na sani, ina ƙirgawa.

Ya ce, "Ga shawara. Yaron ya zo, ko ke ki zo. Ko daro ɗaya kika zuba, an ce hannun gida ya taɓa. Tsohon zai kau da kai, ya san Yaya."

Da na gaya wa ɗana, sai ya ce hutunsa sai ƙarshen shekara, ofis ba za su sake shi ba. Ya ce a ɗauki leburori goma su yi aikin a yini ɗaya, har da siminti. Na ce ba a yi. Ya ce me ya sa, ba hanya ake so ta gyaru ba? Na rasa yadda zan yi masa bayani, na ce haka muka tarar. Bai yi gardama ba, yaron kirki ne. Ya ce to, matarsa ta kusa haihuwa, amma in ina so zai nema mini jirgi in je in yi mako biyu in dawo kafin ta sauka. Na kwana da wannan magana, na tashi da ita. Na ciro zanen da nake zuwa gayya da shi daga ƙasan akwati, na wanke, na shanya a baranda.

Muna cikin haka aka yi ruwan nan mai yawa, wanda kowa a Dubai yake tunawa. Ban taɓa zaton sama tana da irin wannan ruwa a ƙasar nan ba. Ɗana bai iya dawowa daga ofishinsu a Al Khabaisi ba, a wurin abokin aikinsa ya kwana. Da na idar da asuba na leƙa taga. Titinmu ya zama tafki, motoci sun nutse har rabin taya, ledoji da kwalaye suna yawo a kai. Na tsaya ina jira in ga mazan unguwa sun fito. Gari ya waye tangaran, ba kowa. Na ce a raina watakila kowa yana jiran babba ya fara. Sai na duba, a benenmu kaf ban san wanda ya girme ni ba.

Surukata tana kwance da nauyin cikinta, ban tashe ta ba. Na ɗaura zanen nan, na ɗauki tsintsiya da bokiti da wani tsohon murfin tukunya. Lif ba ya aiki, na bi matakala ina dafa bango, hawa huɗu.

A ƙasa na tarar da mai gadin benen, wanda suke kira natur, wani bawan Allah daga can ƙasashen Indiya, ya naɗe ƙafar wando yana tsaye a kan dakali. Kusa da shi ga maƙwabciyarmu 'yar Nijar, 'yar kasuwa ce, tana da shago a Al Rigga inda take haɗa kaya tana turawa gida. Tana ta waya tana faɗa a kan kayanta da ruwa ya shiga. Da ta gan ni da tsintsiya sai ta sauke wayar.

"Hajiya, lahiya? Ina za ki da wanga kaya?"

Na ce, "Don Allah tambayar mini shi, daga ina zuwa ina ne namu."

"Namu mi?"

"Kason benen nan. Kada in shiga na maƙwabta su ce na raina su."

Ta dube ni, ta dubi titin, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. "Wayyo Hajiya, Allah shi bar mana ke! Kaso a Dubai? Nan ko ganye ya faɗi, baladiya ke ɗauka. Mu namu biyan haya, shi ke nan!"

Duk da haka ta faɗa masa da Larabcinta. Mutumin ya zaro ido, ya shiga kaɗa hannu. "La, la, Mama! Baladiya! Khalas, khalas!" Yana nuna mini matakala, wai in bari in koma sama.

Na yi masa murmushi, na ce ta gaya masa ba zan daɗe ba. Ni dai a lokacin gani nake kunya ce a ce ruwa yana kwance a ƙofar gida, mutanen gidan suna sama suna kallo. Na shiga, ruwan ya kawo mini ƙwauri, sanyi ƙalau. Na tsaya na duba inda tarkace yake juyawa a hankali, don nan bakin magudana yake, ko a ina ne. Na laluba da ƙafa na ji ƙarfen. Na durƙusa.

Abin da na ciro daga wurin nan, Allah kaɗai ya sani. Leda, kwalin shayi, takalmin yaro ƙafa ɗaya, sai yashi mai laushi kamar gari. Ina kwasa da murfin tukunya ina zubawa a bokiti. Maƙwabciyata tana kan dakali tana cewa, "Shwayya-shwayya, a hankali, Hajiya, ba a ba da lambar yabo!" Can sai ta tuɓe takalmanta masu tsada ta shigo tana zagin ruwan da Faransanci, ta karɓi bokitin tana kai wa mai gadi yana juyewa. Ruwan ya fara juyawa, ya yi wata ƙara yana shiga. Wallahi a wannan ɗan lokacin na manta inda nake. Har na juya zan ce wa Malam magudana ta buɗe.

Ba a daɗe ba ruwan ya tsaya. Ashe can ƙasa ma a cike yake, ba inda zai je. Na ce to, mun yi namu. Na dafa ƙasa zan tashi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na sake gwadawa, na koma na zauna daɓas cikin ruwan. Ko rabin awa ban yi a durƙushe ba. Sai da maƙwabciyata ta kama ni ta nan, mai gadi ya miƙo sandar goge ƙasa na riƙe, suka ɗaga ni kamar buhu. Da na ɗaga kai, ga mutane a kowace baranda, wasu da waya a hannu suna ɗauka. Hawa huɗun nan a zaune na hau su, mataki ɗaya-ɗaya, da baya. Bayan azahar motar baladiya ta zo da ƙaton tiyo, kafin la'asar ta zuƙe titin tas.

Ɗana ya dawo da yamma. Tun a hanya wani ya tura masa hoton. Ya shigo ɗakina ya tarar surukata tana shafa mini man zafi, tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta aike ni. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

"Inna, don Allah. In da waya ce ta lantarki a cikin ruwan fa?"

Na ce, "Na yi kuskure. Na ɗauka kamar gida ne."

Ya sauke numfashi. Sai kuma ya ɗan yi dariya, ya ce ai akwai inda ake yin irin nawa. Ƙasar da ya yi karatu, inda ƙanƙara ke zuba kamar auduga wata huɗu, kowane gida shi ke share gabansa. Da sassafe za ka fita da shebur ka kwashe, ka barbaɗa gishiri don ta narke. In wani ya zame a ƙofarka, laifinka ne.

Na ce, "Gishiri? Na miya?"

"Irinsa ne, Inna, buhu-buhu."

"Ikon Allah. Kai ma ka yi?"

Ya ce kullum. Tsohuwar da yake haya a gidanta ba ta iyawa, shi yake share mata har ya gama karatu. Wai har ta ce ba ta taɓa samun mai share mata kamar shi ba.

Na kalli hannunsa. Wannan hannu bai taɓa ɗaukar daro a gangaren kadarko ba. Kowace shekara lokacin gayya yana makarantar kwana, kuma ni ce na tsaya kai da fata a kan haka. Ubansa yakan ce a bar shi ya zo ko sau ɗaya ya ga yadda ake yi, ni kuma in ce karatu ya fi. Ban yi nadama ba, har yanzu. Amma ranar nan na san ba zai taɓa zuwa ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Kwana uku ina kwance. Ranar na huɗu na kira ƙanin mijina. Ya fara tsiyarsa, wai ya ji na zama injiniyar Larabawa, don har can hoton ya kai. Na bar shi ya gama dariya, sannan na ce ya gaya mini tsakani da Allah yadda gangaren yake.

Ya yi ta kewaye-kewaye, na ce ban da wasa. Sai ya ce bara idon ruwan ya fashe ta tsakiya. Ramin ya kai ƙugun mutum. Motar kasuwa ta daina shigowa tun tsakiyar damina, a gindin tsamiya take sauke mutane, taki da hatsi duk a ka ake haurawa da su. Mara lafiya a amalanke ake kai shi bakin mota. Ya ce ba wanda ya yi magana, saboda Yaya.

Na ce, "To in na zo na zuba daro ɗaya, wa zai zuba sauran?"

Ya ce, "Allah zai kawo yadda za a yi."

"Ruwan farko in ya sauka da dare, wa zai fita da asuba?"



Akwai wani gida a ƙarshen gari, baƙi ne da suka zo daga arewa shekara goma sha da suka wuce. Suna da samari majiya ƙarfi har huɗu, amma ba su da kaso, don an gama rabo tun kafin su zo. Ranar gayya sukan tsaya gefe su taya wannan su taya wancan, in an zo shan fura sai an kira su sau biyu kafin su matso. Matar gidan ta sha ɗaukar mini daro in na gaji. Na ce wa ƙanin mijina ya je ya gaya wa sarkin hanya ba sai ya jira ranar ba, ni na sallama. In ana jin roƙona, a ba wannan gida.

Ya ce, "Matar Yaya, kin san abin da za a ce."

Na ce, "Na sani. Ai gaskiya ce, mun tashi."

Na ji yana jan hanci. Ya ce mura ce ke damunsa. Na ce ya sha citta.

Da na ajiye wayar ban yi kuka ba sai da na shiga alwala. Ɗana na gaya masa ya bar maganar jirgi. Ya tambaye ni sau uku ko na tabbata.

An ba su. Kafin ranar gayya babbar jikata ta koya mini yadda ake danna waya a yi magana a tura, na yi ta tura wa matar gidan saƙo. Na gaya mata wajen idon ruwa, da irin dutsen da ake fara sawa, da inda ake samunsa a bayan maƙabarta, ba na tudu ba mai rugujewa. Na ce azarar hagu ta fi saurin ruɓewa, a riƙa ƙwanƙwasa ta ana saurara. Takan amsa da "To, Inna, mun ji, Allah ya saka." Daminar farko kusan duk ruwan da aka yi sai ta kira ni. Ya ci nan, me za mu yi? Ya taru can, mu buɗe ko mu bari? Ina zaune a hawa na huɗu, sabuwar jikata a cinya, ina ba da amsa kamar ina ganin wurin. Har nakan duba wayar ɗana in ga ko ana hadari a can.

Damina ta biyu sau biyu ta kira. Ta bana ba ta kira ba sai gaisuwar salla. Ƙanin mijina ya ce motar kasuwa har ƙofar masallaci take zuwa yanzu, kuma samarin sun ƙaro wata dabara, sun haƙa wa ruwan hanya tun daga sama, abin da mu ba mu taɓa tunani ba. Ya ce yara masu tasowa da sunan gidan can suke kiran gangaren. Na ce madalla, haka ya kamata.

Na roƙi ɗana abu ɗaya. Duk ranar da Allah ya sa muka je, ko a hutunsa ne na rani, kada direba ya wuce da ni a guje. A tsaya a saman gangaren, a sauke ni, in taka wurin da ƙafata a hankali har bakin rafi, in ga aikinsu, in yi musu sannu kamar yadda baƙo yake yi wa masu hanya. Ya ce in sha Allah. An yi mini aikin gwiwa ɗaya, saura ɗaya, likita ya ce sai ta warke tukuna. Har yanzu ba mu sa rana ba.